Darasin Masu Mulki da Ya Koma Hujjar Waɗanda Aka Mulka

A jami'o'i da yawa na duniya ana karantar da tarihin ƙasashen da Ingilishi ya zama harshen mulkinsu da na kasuwarsu: Birtaniya da Ailan, Amurka da Kanada, Ostireliya da New Zealand, da tsibiran Karebiyan. A Jamus da Faransa akan haɗa shi da karatun harshen da adabinsa, a Najeriya da Ghana kuwa yakan zo ne a sashen tarihi, ɗalibi ya ɗauki tarihin Amurka ko na Ingila kamar yadda zai ɗauki na Borno ko na Daular Sakkwato. Mutane da dama a cikinmu suna yi wa wannan karatu kallon zargi, kuma zarginsu yana da tushe, domin an kafa fannin ne don a horar da masu mulki, a kuma gamsar da su cewa mulkinsu alheri ne ga duniya. Amma wanda ya bi sawun fannin daga farkonsa zuwa yau zai ga cewa waɗanda suka kafa shi sun gindaya wata ƙa'ida da daga baya ta fi ƙarfinsu, wato duk maganar da za a yi kan abin da ya wuce sai an kawo mata shaida daga takardun zamaninta. Wannan ƙa'ida ce ta ba jikokin bayi da 'ya'yan ƙasashen da aka mallaka damar shiga fannin su warware labarin da aka gina shi don yaɗawa. Saboda haka nake ganin karatun ya wajaba a kanmu, muddin za mu shige shi a matsayin masu bincike da ke neman hujja.

Tarihi bai daɗe da zama fannin da ake ba da digiri a kansa a Ingila ba. Ɗaruruwan shekaru Oxford da Cambridge suka yi suna karantar da Latin da Girkanci da lissafi da ilimin addinin Kirista, tarihin da ɗalibi ya sani bai wuce na Rum da Girka ta dā ba. A 1724 Sarki George na Ɗaya ya kafa kujerar farfesan tarihin zamani a kowace ɗaya daga jami'o'in biyu, da nufin a samu samari masu sanin harsunan Turai da al'amuranta waɗanda za a tura jakadanci. Tun farko ke nan gwamnati ce ta nemi darasin, don biyan buƙatar aikinta. Kujerun sun daɗe ba su tsinana abin kirki ba, wasu daga cikin waɗanda suka hau su ko aji ba sa shiga. Sai a 1850 Oxford ta kafa digirin da ya haɗa shari'a da tarihin zamani, a 1872 ta raba su, tarihi ya tsaya da ƙafarsa, Cambridge kuma ta bi sahu a 1873. Wanda ya fi kowa tsara abin da za a koyar shi ne William Stubbs, limamin coci da ya riƙe kujerar Oxford daga 1866 zuwa 1884 kafin a naɗa shi bishop. A 1870 ya tattara tsofaffin takardun sarauta da na yarjejeniya a littafi guda don ɗalibai su karanta su da idonsu, sannan ya rubuta tarihin tsarin mulkin Ingila a juzu'i uku. Labarin da ya fito daga wannan aiki, wanda Thomas Macaulay ya riga ya shahara da irinsa tun 1848, labari ne mai daɗin ji ga Bature: kakanninsa sun zo daga dazuzzukan Jamus da ɗabi'ar shawara da 'yanci, a 1215 suka tilasta wa Sarki John amincewa da yarjejeniyar Magna Carta, majalisa ta girma sannu a hankali, a 1688 ta rinjayi sarauta, a 1832 ta fara faɗaɗa 'yancin zaɓe. Kowane mataki, a wannan karatu, yana kaiwa ne ga Ingilar zamanin Sarauniya Victoria.

A Cambridge, John Seeley ya ga cewa labarin ya tsaya a cikin gida alhali Ingila ta riga ta bazu a duniya. Laccocinsa da aka buga a 1883 sun yi kira da a mai da faɗaɗuwar daula jigon tarihin Ingila na zamani, kuma ya fito fili ya ce amfanin karatun tarihi shi ne horar da 'yan siyasa da ma'aikatan gwamnati. Ya raba daular gida biyu. Kanada da Ostireliya da New Zealand, inda Turawa suka zauna suka yi rinjaye, ya ɗauke su wani ɓangare na Ingila da teku ya raba. Indiya kuwa, mai ɗaruruwan miliyoyin mutane, ya ɗauke ta abin da ake riƙewa ana mulka. Masu kuɗin daula sun fahimci amfanin wannan tunani. Cecil Rhodes, da ya tara dukiya daga lu'ulu'u da zinariyar kudancin Afirka, ya bar wasiyyar tallafin karatu a Oxford lokacin da ya mutu a 1902, don samari daga ƙasashen daular da Amurka da Jamus su haɗu su tashi da tunani ɗaya. Abokin kasuwancinsa Alfred Beit ya ba da kuɗin kafa kujerar tarihin mulkin mallaka a 1905. A wannan lokaci tarihi ya shiga sahun fannonin da suka fi tara ɗalibai a Oxford, kuma daga jami'o'in nan biyu aka fi ɗibar samarin da aka tura Sudan da Najeriya da Gold Coast, wato Ghana ta yau. Razdan ko Di'o da ya zauna a Zariya ko Katsina a shekarun 1930 yana rubuta rahoto kan sarakuna da talakawa, sau da yawa da irin wannan karatu ya taso, kuma da ma'aunin da ya samo daga gare shi yake auna mu.

A Amurka ma haka abin ya faro. Jami'ar Johns Hopkins da aka buɗe a 1876 ta kwaikwayo salon Jamus na zaman bita, inda malami da ɗalibai ke zama a teburi guda suna tantance takardu. Herbert Baxter Adams, wanda ya jagoranci wannan zama, ya koyar da cewa taron gari na New England tsiro ne daga irin da aka ɗauko a dazuzzukan Jamus aka bi da shi ta Ingila. Ɗalibinsa Frederick Jackson Turner ya saɓa masa a 1893, ya ce halin Amurka ya fito ne daga kutsawar Turawa zuwa yamma suna sare daji suna kafa garuruwa, sai dai a bayaninsa ƙasar kamar babu masu ita, 'yan asalin wurin sun zama cikas ne kawai a kan hanya. A Jami'ar Columbia, William Dunning da ɗalibansa sun shafe shekaru suna rubuta cewa shekarun da suka biyo bayan Yaƙin Basasa, lokacin da baƙaƙen fata suka samu ƙuri'a suka shiga majalisun jihohin kudu, zamani ne na ɓarna da cin hanci. Wannan karatu ya zama hujjar masu dokokin wariya. Da yaƙin duniya na farko ya kusantar da Birtaniya da Amurka, sai aka fara haɗa labaran biyu su zama guda, aka kafa kujerar tarihin Amurka a Oxford a 1922. Ƙololuwar wannan haɗi ita ce tarihin al'ummomi masu magana da Ingilishi da Winston Churchill ya buga a juzu'i huɗu tsakanin 1956 da 1958. A lokacin da littafin ya fito, miliyoyin mutane a Jamaika da Indiya da Afirka ta Yamma suna karatu da shari'a da ciniki da Ingilishi, amma ba su ne al'ummomin da yake nufi ba.

Idan a nan labarin ya tsaya, da masu cewa a watsar da fannin sun yi gaskiya. Amma Stubbs da Adams sun bar gado biyu, labarin da suka bayar da hanyar da suka ce a bi a tabbatar da shi, kuma gadon na biyu ya fi na farko tsawon rai. Sun koya wa ɗalibi cewa faɗar malami ba hujja ba ce sai ya nuna takardar da ya dogara da ita, ya faɗi inda take don wani ya je ya duba. Gwamnatin Birtaniya ta kafa ofishin adana takardun hukuma tun 1838, kuma ƙasar da ke mulkin kusan rubu'in duniya ta hanyar wasiƙa da rahoto da lissafin haraji dole ta tara shaidu a kan kanta. Lissafin jiragen bayi na Liverpool da Bristol yana nan, muhawarar majalisa tana rubuce, wasiƙun gwamnoni suna ajiye. Tun a 1931 Herbert Butterfield na Cambridge ya yi suka daga cikin gida, ya nuna kuskuren karanta tarihi kamar duk abin da ya faru yana hanzarin zuwa ga zamaninmu ne, ana yabon waɗanda suka yi kama da mu ana tsine wa sauran. Amma suka mafi nauyi ta zo ne daga mutanen da aka ɗauka abin nazari ne su, ba masu nazari ba.

W. E. B. Du Bois shi ne baƙar fata na farko da ya samu digirin digirgir a Harvard, a 1895, da bincike kan yadda Amurka ta yi ta jan ƙafa wajen hana cinikin bayi. A 1935 ya buga littafinsa kan zamanin sake gina kudu, ya nuna daga rahotannin majalisa da ƙididdiga cewa majalisun da Dunning ya zaga su ne suka kafa makarantun gwamnati na kowa da kowa a jihohin kudu, kuma bayin da suka gudu daga gonaki suka shiga rundunar arewa sun taka rawa babba wajen karya bautar da kansu. Manyan masana na lokacin sun kau da kai, amma zuwa shekarun 1960 ra'ayinsa ne ya zama tushen abin da ake koyarwa. Eric Williams kuwa ya zo Oxford daga Trinidad a 1932, ya fita da sakamako mafi daraja a tarihin zamani, ya kammala digirin digirgir a 1938. A wancan lokaci mai riƙe da kujerar Beit, Reginald Coupland, ya shahara da rubutu kan William Wilberforce da masu fafutukar hana bauta, yana nuna hanin a matsayin nasarar imani da tausayin Birtaniya. Williams ya shiga takardun ofishin mulkin mallaka da na 'yan kasuwar sukari, ya fito da wata magana daban: ribar bauta da cinikin bayi ta taimaka wajen gina masana'antun Ingila, kuma an hana bautar ne lokacin da tsibiran sukari suka rage amfani ga sabon tattalin arzikin masana'antu. Littafin da ya ƙunshi wannan magana ya fito a Amurka a 1944, bai samu mai buga shi a Birtaniya ba sai 1964, bayan marubucinsa ya zama firaministan ƙasarsa. Abin lura shi ne da kayan aikin Oxford ya yi wannan aiki, a ɗakunan karatunta, bisa ƙa'idar da ita ta koya masa.

Bayan yaƙin duniya na biyu ƙofar ta ƙara buɗewa ta ko'ina. E. P. Thompson, wanda ya yi shekaru yana koyar da ma'aikata a ajin dare a yankin Yorkshire, ya buga tarihin samuwar ajin ma'aikatan Ingila a 1963, ya mai da masaƙa da maƙera da leburori jigon labari a inda da sarakuna da ministoci kaɗai ake gani. J. G. A. Pocock, wanda ya tashi a New Zealand, ya yi lacca a 1973, shekarar da Birtaniya ta shiga tarayyar kasuwancin Turai, ya ce abin da ake kira tarihin Birtaniya tarihin Ingila ne kawai, an danne na Ailan da Sikotilan da Wales, waɗanda su ne suka fara ɗanɗana mamaya da ƙwace ƙasa kafin a kai salon ƙetaren teku. A Ostireliya, Henry Reynolds ya tono labarin yaƙe-yaƙen da aka yi da 'yan asalin ƙasar, abin da littattafan makaranta suka yi shiru a kansa. A jami'ar da yake koyarwa akwai wani mai kula da lambu, Eddie Mabo, ɗan tsibirin Mer, wanda a hirarsa da malaman tarihi ya fara jin cewa a idon doka gonar gadonsa mallakar gwamnati ce. Ƙarar da ya shigar ta kai ga hukuncin babbar kotun ƙasar a 1992, wanda ya soke da'awar cewa Ostireliya ƙasa ce marar mai ita lokacin da Turawa suka iso.

Mu ma wannan guguwa ba ta tsallake mu ba. Kwalejin Jami'a ta Ibadan da aka buɗe a 1948 tana ƙarƙashin Jami'ar Landan ne, kuma manhajar tarihinta ta farko ta Ingila da Turai ce, Afirka ba ta shigowa sai ta ƙofar ayyukan Turawa a cikinta. Har a 1963 Hugh Trevor-Roper, mai riƙe da kujerar da Stubbs ya taɓa hawa, yana iya tsayawa a gaban jama'a ya ce Afirka ba ta da tarihin da za a koyar. Amma kafin ya faɗi haka an riga an ba shi amsa. Kenneth Dike, wanda ya yi karatu a Aberdeen da Landan, ya buga bincikensa kan ciniki da siyasa a yankin Neja Delta a 1956, ya haɗa takardun ofisoshin Birtaniya da na gidajen sarakunan yankin da labarin baka, shi ne kuma ya jagoranci kafa gidan adana takardun tarihi na Najeriya. Abdullahi Smith, wanda ya yi karatu a Cambridge, ya koma Zariya a 1962 ya kafa sashen tarihi na Jami'ar Ahmadu Bello, ya mai da hankalin ɗalibai ga rubuce-rubucen Larabci na malaman jihadi da na Borno. Daga wannan sashe Mahmud Tukur ya rubuta bincikensa kan mamayar Birtaniya a Arewa daga 1897 zuwa 1914, inda ya sake karanta rahotannin Gwamna Lugard da razdanoninsa, ya nuna abin da suke ɓoyewa da abin da suke faɗa ba da niyya ba. Irin wannan karatu ba ya yiwuwa ga wanda bai san wa Lugard yake rubuta wa ba, me majalisa a Landan take son ji, kuma me ya sa kowace mamaya sai an lulluɓe ta da batun hana bauta.

Mai ja zai ce waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi: tarihinmu na nan jibge ba a gama tono shi ba, rubuce-rubucen ajami suna lalacewa a zaurukan malamai, dattawan da suka ga zamanin Turawa sun kusa ƙarewa, ina dalilin ɓata lokacin ɗalibi da kuɗin jami'a kan Lancashire da Virginia? Gaskiya ne tarihinmu shi ne farilla ta farko, kuma idan kuɗi bai isa ba shi za a fara ba wa. Sai dai wani babban yanki na tarihin namu a can aka ƙulla shi. Yaƙin Basasar Amurka na 1861 zuwa 1865 ya katse audugar da masaƙun Lancashire suka dogara da ita, dubban ma'aikata suka shiga yunwa, masu masana'antu suka ƙudurta ba za su sake dogara da ƙasa ɗaya ba. Daga wannan tsoro aka kafa ƙungiyar bunƙasa noman auduga ta Birtaniya a 1902, ta sa ido kan ƙasar Hausa, kuma begen audugar yana cikin manyan dalilan shimfiɗa layin dogo da ya iso Kano a 1911 da kafa injinan gurzar auduga a Zariya da Funtua. Manoma da fataken Kano suka auna farashi suka zaɓi gyaɗa, domin masaƙan gida suna sayen auduga da tsadar da Bature ba zai biya ba. Wanda bai san Lancashire ba zai ga dalar gyaɗa amma ba zai san cewa lissafin masu mulki ne ya tashi ba. Haka kundin hukunta laifuka na Arewa, wanda ake kira Final Kod, da ya fara aiki a 1960: an ɗauko shi daga na Sudan, na Sudan daga na Indiya na 1860, na Indiya kuma Macaulay ne ya tsara daftarinsa, shi dai Macaulay marubucin tarihin Ingila. A 1960 Najeriya ta karɓi tsarin firaminista irin na Birtaniya, a 1979 ta koma tsarin shugaban ƙasa irin na Amurka. Muna rayuwa a cikin tsare-tsaren da aka yi su don warware rikicin wasu mutane a wani zamani, kuma ba za mu gane inda suka yi mana daidai da inda suka matse mu ba sai mun san rikicin da ya haife su.

Akwai ja na biyu da ya fi wannan nauyi. Takardun da ake alfahari da su, masu mulki ne suka rubuta, su suka zaɓi abin da za a ajiye, su suka ƙona abin da ba sa so a gani, to ta yaya za a nemi gaskiya a rumbun wanda ake tuhuma? Wannan ba zato ba ne. A 2011, sakamakon ƙarar da wasu dattawan Kenya suka shigar kan azabtarwar da aka yi musu lokacin tawayen Mau Mau, gwamnatin Birtaniya ta amsa cewa tana riƙe da dubban fayilolin tsofaffin ƙasashen mallaka a wani wuri mai suna Hanslope Park, waɗanda aka kwaso a asirce lokacin ba da 'yanci, kuma takardun sun nuna an lalata wasu da gangan. Amma a duba yadda asirin ya tonu. Masana tarihi irin su David Anderson da Caroline Elkins ne suka san tsarin ajiyar ofisoshin mulkin mallaka har suka gane akwai giɓi, suka ba kotu shaida, suka haɗa takardu da bakin waɗanda abin ya shafa. A 2013 gwamnati ta amince ta biya fam miliyan 19.9, har da kuɗin shari'a, kan ƙarar mutum 5,228. Haka nan masu bincike a Kwalejin Jami'a ta Landan suka bi takardun diyyar fam miliyan 20 da majalisa ta ware a 1833, diyyar da aka biya masu bayi, ba bayin ba, suka fito da sunayen dubban waɗanda suka karɓa da inda kuɗin ya shiga a bankuna da layukan dogo da manyan gidaje. Rumbun mai mulki yana ƙarya, yana kuma yin shiru, amma sai wanda ya ƙware a cikinsa yake kama shi.

Wasu kuma daga ɗaya ɓangaren suke ja, suna cewa abin da ya faru bai wuce sauya farfaganda da wata farfaganda ba, da ana yabon Ingila yanzu ana zaginta. Da haka ne, da ban ga amfanin fannin ba. Amma maganar Williams kanta ba a bar ta ta zama aya ba. A 1977 Seymour Drescher ya kawo alƙaluma da ke nuna cewa cinikin bayi da sukari suna kan ganiyar riba lokacin da aka hana cinikin a 1807, don haka ba za a kore rawar da jama'a masu sa hannu a takardun koke da masu ƙaurace wa sukari suka taka ba. Har yau masana suna muhawara kan girman gudummawar bauta ga juyin masana'antu, kowa da lissafinsa. Wannan ita ce lafiyar fannin. Ɗalibin da ya shiga da niyyar zagi kawai zai fita da jahilci irin na wanda ya shiga da niyyar yabo. Yadda majalisa ta ƙwace ikon haraji daga hannun sarki, yadda alƙalai suka samu tsayawa ba tsoron kora, yadda ƙungiyoyin ƙwadago da mata suka ƙwaci ƙuri'a, yadda baƙaƙen Amurka suka yi amfani da kotu da tattaki har aka kafa dokokin hana wariya na 1964 da 1965, duk darussa ne na gaske ga duk al'ummar da ke fama da masu iko marasa linzami. Abin da bincike ya gyara shi ne ya nuna cewa waɗannan abubuwa gwagwarmaya ce ta kawo su, da jini da ɗauri da shekaru, ba wata ɗabi'a da aka haifi wani jinsi da ita ba. Abin da gwagwarmaya ta kawo kuwa kowace al'umma tana iya nemansa.

Saura batun ko ya dace a ci gaba da tara waɗannan ƙasashe a darasi guda saboda harshe, tunda tarin ya samo asali ne daga tunanin fifikon jinsi na Seeley da Rhodes. Ina ganin ya dace, amma bisa wani dalili daban. Abin da ya haɗa su hanyoyi ne na zahiri da mutane da kaya da dokoki suka bi: jiragen da suka kai bayi Jamaika suka komo da sukari, talakawan Ailan da yunwar shekarun 1840 ta kora zuwa Boston da New York, fursunonin da aka kai Ostireliya tun 1788, leburorin Indiya da aka kai Trinidad da Guyana bayan hana bauta, dokar da aka gwada a Kalkata aka kawo Khartum aka sauke a Kaduna. Idan aka fahimci fannin haka, to Najeriya da Ghana da Indiya suna cikinsa tsundum, kuma labarinsa ba ya cika sai da su.

Abin da ya rage mana shi ne mu sauya matsayinmu a cikinsa. Fiye da shekara ɗari Turawa suna zuwa ƙasar Hausa suna koyon harshenmu, suna karanta takardunmu, suna rubuta littattafan da duniya ke sanin mu ta cikinsu, wasu da adalci wasu da son zuciya. Mu kuwa ba mu cika samar da masanin da ƙwarewarsa ita ce Ingila ko Amurka ba, wanda zai rubuta kan majalisarsu ko masana'antunsu ko addininsu har su kansu su buƙaci karanta shi. Uzurin nisa ya ragu, domin muhawarorin majalisar Birtaniya na ƙarni biyu da bayanan jiragen bayi da na diyyar 1833 duk suna kan intanet kyauta, ɗalibi a Kano ko Sakkwato ko Maiduguri yana iya buɗe su. Ya kamata sassan tarihi na jami'o'inmu su daina koyar da wannan darasi a matsayin jerin sarakuna da shugabanni da za a haddace don jarrabawa, su sa ɗalibi gaban takardun asali tun shekararsa ta biyu, su kuma ƙarfafa wasu daga cikin masu hazaƙa su yi digirin digirgir a kansa, kafaɗa da kafaɗa da masu nazarin Kano da Borno. Al'ummar da ake nazarinta ita ba ta nazarin kowa za ta ci gaba da karɓar bayanin kanta da na duniya daga hannun wasu, kuma Du Bois da Williams da Dike sun nuna cewa fita daga wannan hali yana hannun duk wanda ya yarda ya zauna ya karanta takardun.